Kitson Guguwa a Cikin Dutse

A Malumfashi in aka ambaci Azumi mai kitso, abu biyu ake faɗa. Na farko hannunta. Matan unguwa sun ce tana iya yi miki shuku idonta na kan tukunyar da ke bisa murhu, amma tsaga ta fito sambal kamar an ja ta da zare. Na biyu bakinta. Wata Ladingo, wadda ta shekara goma sha biyar tana zama a gabanta, ta rantse ba ta taɓa jin matar nan ta ba wani haƙuri ba. In ta ja miki gashi har kika yi ƙwalla, kanki ne ya cika tsauri. In kibiyar tsaga ta soke ki, ke kika motsa. Ladingo ta ce ranar da Azumi ta taka ƙafar kaza ma, kazar ce ta sha faɗa.

Ƙanwa ɗaya gare ta, Uwale, wadda ta yi boko har ta ƙure shi, tana aiki a wata jami'a a birni. Iyakar abin da aka sani a gida shi ne Uwale ta shekara tara tana fama da wani ɗan dutse da bai kai farcen jariri ba. In aka tambayi Azumi labarinta sai ta ce, "Wasu na kiwon awaki, tamu dutse take kiwo."

Wata Laraba Uwale ta kira ta, ta ce don Allah ta zo ta yi mata kitso a wurin aiki, manyan baƙi za su zo da azahar, ita kuma ba ta iya barin ɗakin. Azumi ta yi mita ta ƙoshi, sannan ta ɗaure kibiya da gwangwanin man kaɗanya a bakin zane ta hau mota. Da hantsi ta isa.

Ɗakin cike yake da wayoyi. A tsakiya ga wani tulun ƙarfe da ya fi mutum tsawo, yana numfashi a hankali.

Uwale ta ce, "Yaya, dutsen yana cikin tulun nan. Ɓawo-ɓawo ne kamar albasa. In aka sanyaya shi sanyin da ƙanƙara ma garwashi ce a kansa, sai wutar lantarki ta riƙa gudu a cikinsa ba ta gajiya. In aka kawo maganaɗisu kusa, sai wasu 'yan guguwoyi su tsaya a ciki. Wata bakwai ke nan ina zagaya su da juna ɗaya bayan ɗaya. Kin ga wannan koren layi a allo? Muddin yana sama, dutsen bai manta abin da na koya masa ba."

"Dutse ne ke mantuwa?"

"Shi ne abin da za a zo gani."

"Ni dai kawo kanki, rana na yi."

Ba ta kai ga zama ba aka buga waya ana neman Uwale a ƙasa. Ta fita tana cewa, "Yaya, don girman Allah kada ki taɓa komai."

Azumi ta zauna. Ta tashi. A wuyan tulun ta ga wata farar raɓa ta daskare, tsaye cirko-cirko kamar kan da ya yi wata ba a taje ba. Ta zaro kibiya ta ɗan kankare ta. Sanyi ya kama kibiyar, ya kama hannun, ya ja ta kamar yadda rijiya ke jan guga in igiya ta kuɓuce.

Ta farfaɗo a wani fili fari, santsi kamar bayan faranti. Babu rana, amma akwai haske. Ko'ina ta duba guguwoyi ne tsaye a jere kamar dawa a kunya, kowace na juyawa a inda take, babu ƙara ko ƙura. Daga gindin kowace guguwa wani siririn zare mai sheƙi ya fito, duk suka je suka haɗu a wuri ɗaya, sun hau juna, sun cukurkuɗe.

Azumi ta yi salati, ta yi kira, ba wanda ya amsa. Ta zauna kusa da zaren don ta yi tunani. To, abin da ba ta iya gani ta ƙyale a duniya shi ne kai a cukurkuɗe. Tana cikin tunanin inda take, hannunta ya riga ya fara aikinsa. Daga tsini ta faro, yadda ake tsifa. Tsinin ya yi gardama, ta lakato man kaɗanya ta murza shi da babban yatsa har ya miƙe sumul. Sauran bai ba ta wahala ba. Kafin a jima zaren duk ya kwanta a jere.

Guguwoyin suka fara tangaɗi. Daga cikin wadda ke kusa da ita wata halitta ta fito, mai siffar dattijo, amma ɓari ɗaya: ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya. Ɗaya gefen ba rauni, ba jini, babu shi ne kawai.

Ya ce, "Sauke idonki, 'yar Adam. Kallonku nauyi gare shi a nan. Wa ya aiko ki ki warware abin da aka ɗaure?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba wanda ya aiko ni, ranka ya daɗe. Gani na yi ya cukurkuɗe. Duk wanda ya yi wannan aiki bai iya ba."

"Abin da kika kira cukurkuɗewa shi ne saninmu. Ni Ɓarin Sama ne. Ɗaya ɓarin nawa yana can a ƙarshen wannan guguwa, ƙarƙashin shimfiɗa bakwai. Abin da muka sani ba ya wurina, ba ya wurinsa. Yana cikin yadda aka gitta mu, wa ya bi ta gaban wa, wa ya bi ta baya."

"Ban gane ba."

"Ba a nemi ki gane ba. An nemi kada ki taɓa."

"To wa ya gitta ku?"

"Wata ce daga waje, ba mu taɓa ganin fuskarta ba. Mai haƙuri ce. Wata bakwai tana matsar da mu, kullum taku ɗaya."

Azumi ta dubi zaren da ta miƙar, ta dubi man da ke yatsanta. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ai da sai ta rubuta a jiki."

Ɓarin Sama ya ce, "In ta dawo ta tarar mun manta, za ta ɗauka mun mutu, ta buɗe wa zafi ƙofa. Zafi na shigowa babu mu, babu aikinta, babu duk wanda ke tare da mu. Ki mayar da shi yadda kika same shi."

"Ta yaya?"

"Rabin amsa na sani. Daga ƙasa ake gyarawa. Sauran yana bakin ɓarina."

Ya nuna mata bakin filin. Ya ce tsakiyar dutsen ba ta ratsuwa, gefe ake bi, kuma hanyar gefe ba a juyawa a kanta. Azumi ta hau wata 'yar siririyar hanya da ta naɗe dutsen tana gangarawa. Ta yi taku goma ta tuna ta bar kibiyarta. Ta juya za ta koma, sai ta ga fuskarta na kallon baya, ƙafafunta kuwa gaba suke tafiya da ita. Ta gwada sau uku, ta haƙura.

A shimfiɗa ta biyu ta iske kogi da ba shi da mafari, zagaye yake yi yana cin wutsiyarsa. Tana tsallaka shi a kan wasu duwatsu takalminta na hagu ya faɗa. Ta tsaya tana kallo ruwa ya tafi da shi. Kafin ta gama tsaki ga shi ya dawo ta ɗaya ɓangaren, ya wuce, ya sake dawowa, gudunsa bai ragu ba ko kaɗan. Ta miƙa hannu sau biyu ta rasa. Wata murya daga cikin ruwan ta ce, "Abin da ya shiga nan ba ya tsayawa, 'yar Adam. Jikokinki ma in sun zo za su same shi yana gudu." Ta ci gaba da takalmi ɗaya.

A shimfiɗa ta uku kasuwa ce. Ta wutsiyar ido ta ga mutanenta, kowa yana zaune kuma yana tsaye, yana shigowa kuma yana fita, duk a lokaci guda. Ta kasa daurewa ta kalli wata mai tallan wani abu kamar gishiri. Nan take matar ta daskare a zaune, ta fasa kuka. "Kin zaɓar mini! Da ina da biyu, yanzu kin bar ni da ɗaya!" Kasuwa ta ɗauki ihu. Azumi ta ce, "Ke ma ai kin tsaya a hanya," ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ratsa su tana laluben ƙasa da ƙafar da ba takalmi.

A ta huɗu ba kowa, ƙasar kuma siririyar ƙanƙara ce. Tana taka ta muryoyi suka taso. Muryarta ce, tana faɗin duk abin da ta taɓa gaya wa masu zama a gabanta. Kanki ya cika tsauri. Ke kika motsa. Ba ki da gashi sai tsegumi. Zuciyarta ta fara tafasa, ta buɗe baki za ta rama, sai ta ji ƙasa ta yi laushi, ƙafarta ta nutse har idon sawu. Ta yi shiru, ƙasar ta sake ƙarfi. Ta sake hasala, ta sake nutsewa. Da ƙyar ta gane zafin ranta ne ke narkar da hanyar. Haka ta bi ta haye tana haɗiye magana, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yaye ta. Dab da ƙarshe muryar ta ce, "Hannunki na biro ne." Wannan ba ta ba ta haushi ba. Tsayawa ta yi kamar an kira sunanta, sannan ta wuce.

Shimfiɗa ta biyar da ta shida ba ta iya ba da labarinsu har yau. Ta ce a ɗaya ta ga kanta tana tafe a gabanta. A ɗayar kuma ta fita kafin ta shiga.

A ƙarƙashin ta bakwai komai a kife yake. Filin yana bisa kanta ko tana bisa kansa, ba ta tantance ba. Ga gindin guguwoyin, ga zaren na lilo. Ɗaya ɓarin dattijon yana jiran ta, kuma bai yi gaisuwa ba, ya ɗora daga inda ɗan'uwansa ya tsaya.

"Da ido a rufe."

"Ranka ya daɗe?"

"Daga ƙasa ake gyarawa, da ido a rufe. Ni ne Ɓarin Ƙasa. In kin ja zare, guguwarsa za ta bi. In kin kalla, kin ɓata."

"To ai ban san yadda yake da ba. Ban duba ba na tsefe."

"Wannan ba ya cikin rabin da na sani."

Azumi ta zauna ta miƙe ƙafa yadda take zama a tsakar gidanta. Ta rufe ido ta ɗauki zaren. Duk mai kitso ta san gashin da aka tsefe ba ya mantuwa da wuri, yakan riƙe lanƙwasar kitson da ya kwana da shi. Ta bi zaren da 'yan yatsu a hankali. Ga lanƙwasa a nan, ga wata a can. Biyu gaba, ɗaya ta koma ta bi ta baya. Biyu gaba, ɗaya ta koma. Hannunta ya tsaya.

Kitson Innarsu ne. Mai-waiwaye take kiransa, kuma ba ta taɓa yi wa kowa shi ba sai su biyu. Azumi ta koya a tsaye a bayan Inna. Uwale kuwa ita ce kan da ake koyo a kai. Bayan rasuwar Inna, Uwale ta zo hutu ta ce, Yaya, koya mini kitson nan. Azumi na tsakiyar aiki, mata cike da tsakar gida, ta ce mata hannunki na biro ne, je ki yi rubutunki. Matan suka yi dariya. Uwale ba ta sake tambaya ba, shekara ashirin ke nan.

Ta fara kitsawa da sauri, hannu ya san hanya. Ba ta yi nisa ba guguwoyin suka ɗauki gurnani, zaren ya yi tauri yana yankar yatsa.

Ɓarin Ƙasa ya ce, "Ba mu ba ne wannan."

"Shi ne mana! Ni za a gaya wa kitson uwata?"

Ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashinta. Ta ja numfashi, ta warware, ta sake lalubawa. Lanƙwasar tana nan yadda ta sani, amma inda take sa ran dama sai ta ji hagu. Ta daɗe a haka, kanta ya ɗaure. Can a zuci ta hango Uwale tana 'yar shekara tara, tsaye a kan turmi, riƙe da fasasshen madubin Inna, tana karkata kai tana bin kitsonta da yatsa. Uwale ba ta taɓa ganin mai-waiwaye daga sama ba. A madubi kaɗai ta san shi, hagu a dama, dama a hagu.

Azumi ta juya hannunta. Kitso da baibai ya fi ratsa shimfiɗa bakwai wuya, don kowane yatsa gardama yake yi mata. Ta bi a hankali, ita da ba ta san a hankali ba. Gurnanin ya lafa. Ta ji guguwoyin na wucewa ta gefenta ɗaya bayan ɗaya, kowace na komawa mazauninta.

Ta iso tsini, ta laluba, ba komai. Santsi ne kawai da ƙanshin man kaɗanya. Ita ta goge lanƙwasar da yatsanta.

Ta ce, "Ba komai, na san yadda Inna ke rufewa."

Ɓarin Ƙasa ya ce, "Dakata. Rufi sau ɗaya ake yin sa, in an kuskure ba a sakewa. Ba yadda kike shirin yi aka rufe mu ba. Na san ba haka ba ne, amma ban san yaya ne ba."

Sai a lokacin ta gane. Mai-waiwaye a ƙeya yake ƙarewa, madubi kuwa ba ya nuna ƙeya. Abin da Uwale ta zo tambaya ke nan ranar da aka yi mata dariya. Da ba a nuna mata ba, ta ƙirƙiro nata rufin, kuma duk duniya ita kaɗai ta san shi.

Dattijon ya tattara bakin zaren ya naɗa mata a babban yatsa, ya zama farar raɓa daskararriya. Ya ce, "Za mu riƙe har wannan ta narke. Je ki ga mai shi." Ya tura ta cikin idon guguwa.

Ta faɗo a kan simintin ɗakin, bayan tulun ƙarfe. Uwale ta riga ta dawo. Tana tsaye gaban allo, ɗankwali ya zame, koren layin nan ya kwanta a ƙasa yana ɗan rawa. Hannunta na kan wani jan makunni.

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ya tafi, Yaya. Wata bakwai. Ban san me na yi ba daidai ba. Bari in kashe sanyin in buɗe in ga abin da ya lalace, kafin su zo in rasa abin faɗa."

Ba wanda ya ga abin da ya faru. Azumi ta ji bakinta ya buɗe da kansa. "Wataƙila injin naku ne, kin san kayan zamani..."

Ɗigon ruwa ya sauka daga yatsanta ya faɗi a ƙasa. Ta dube shi. Raɓar ta ragu da rabi. Yatsun Uwale sun fara danna makunnin.

Azumi ta yi tsalle ta riƙe mata wuyan hannu. "Kada ki kashe. Mai-waiwaye ne, na Inna, na cikin madubi. Duk ya koma wurinsa. Saura rufin ƙeya, kuma naki ne, ban san shi ba. Yi shi yanzu."

Uwale ta juyo. Ba ta taɓa gaya wa kowa daga inda ta samo tsarin ba, ko a takardunta lambobi ta rubuta. Ta dubi yayarta daga sama har ƙasa, mayafi a jiƙe, takalmi ɗaya, yatsa fari fat. Sannan ta saki jan makunnin, ta kama ɗan ƙaramin marfin da take matsar da guguwoyin da shi, ta murza shi hagu, ta dakata, ta mayar da shi dama sau biyu.

Layin ya yi rawa. Ya ɗaga kaɗan, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya hau ya zauna inda yake da safe. Ɗigon ƙarshe ya faɗi daga yatsan Azumi.

Uwale ta zauna a kan kujera. Can ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ba haka Inna ke rufewa ba, ko?"

"Ba haka ba ne. Amma ya riƙe."

"Yaya, me ya faru a ɗakin nan?"

Azumi ta nemi amsa irin wadda ta saba. Ga su nan da yawa a bakinta, tulun da ba a rubuta komai a jikinsa ba, wayar da ta fitar da Uwale, raɓar da ta tsaya cirko-cirko. Ta haɗiye su kamar yadda ta yi a kan ƙanƙara. Ta cire takalmin da ya rage, ta durƙusa a kan siminti a gaban ƙanwarta, har Uwale ta zabura za ta ɗaga ta.

"Zauna. Ni ce. Kin ce kada in taɓa, na taɓa, ni na tsefe miki aikinki. Kuma ranar nan da kika zo ki koya, na sa aka yi miki dariya, ba ki yi mini komai ba." Ta ɗaga murya yadda ko na bakin ƙofa zai ji. "Na yi laifi, Uwale. Ki yi haƙuri. Don Allah ki yafe mini."